Baba Bai Ce A Saya Masa Mota Ba

A unguwannin Kano da Zariya da Katsina da Gusau akwai wata irin mota da duk mai wucewa ya santa. Tana fake a gindin darbejiya ko a ƙofar gida, tayoyinta sun sace, ƙura ta lulluɓe ta, yara sun rubuta sunayensu da yatsa a gilashin baya. Ba ta yi haɗari ba, ba ta kuma fi sauran 'yan'uwanta da ke yawo a titi tsufa ba. Mota ce da 'ya'ya suka haɗa kuɗi suka saya wa mahaifinsu, bayan sun zauna ranar Sallah sun yanke shawarar cewa bai dace a riƙa ganin mutum mai shekarunsa, wanda ya haifi likita da ma'aikacin banki, a kan babur ba. An yi walima, an ɗauki hotuna, an watsa wa dangi a WhatsApp, kowa ya sa albarka. Bayan 'yan watanni wani abu ya lalace a giya, kuɗin gyara ya fi ƙarfin fansho, dattijon kuwa ya ji nauyin ya kira waɗanda suka yi masa alheri ya ce alherin nasu na neman ciko. Babur an riga an sayar. Yanzu idan zai je jana'iza a wata unguwa sai ya tsaya a bakin titi yana jiran adaidaita sahu, ko ya aika a dubo masa ko ɗan maƙwabci yana gida.

Abin takaicin shi ne, kafin a yi masa wannan karamci dattijon yana da tambaya tasa ta kansa, mai ma'ana, wadda ke da amsa. A ɗauki misalin tsohon malamin firamare da ya haura shekara 65. A zaurensa akwai babura biyu: tsohuwar Vespa da ya saya tun yana saurayi, da Boxer da ya ɗauka da kuɗin sallama don zuwa gona. Gwiwarsa ta dama ta fara ciwo idan ya taka kik da sanyin asuba. Ya lura cewa ranar da Boxer ya kwanta masa a cikin yashi sai da ya jira mai wucewa kafin su ɗaga shi. Yana ta lissafi a ransa wanne zai riƙe, wanne zai sayar, ko kuwa ya haɗa su duka ya yi musaya da wani mai sauƙi. Wannan lissafi ne na mutumin da ya shekara 40 a kan hanya, ya san jikinsa, ya san aljihunsa. Sai aka karɓe tambayar daga hannunsa aka amsa wata daban, wadda ta shafi yadda mutane za su kalli 'ya'yansa.

Kunyar babur sabon abu ce, kuma ya kamata masu jin ta su san haka. Lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta biya ƙarin albashin da kwamitin Jerome Udoji ya ba da shawara, aka haɗa wa ma'aikata da ariyas a farkon 1975, babur na cikin abubuwan da malaman makaranta da akawuna da malaman asibiti suka fara saya. Vespa, wadda kamfanin Piaggio na Italiya ya fara ƙerawa a 1946, Bahaushe kuma ya raɗa mata basfa, ta samu karɓuwa ta musamman a Arewa saboda dalili mai sauƙi: gabanta a buɗe yake, mutum zai hau da babbar riga ba tare da ya ɗaga ƙafa kamar mai hawan doki ba. Honda da Suzuki da Yamaha su ma sun cika tituna, har kamfanin Honda ya kafa masana'antarsa a Ota ta Jihar Ogun a 1979. A wancan zamani hedimasta a kan Roadmaster mutum ne da ake tashi a gaishe shi.

Abin da ya canja daga baya tattalin arziki ne. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira da ta albashi, motocin haya suka yi ƙaranci, samari marasa aiki suka koma acaɓa, ko kabu-kabu kamar yadda ake ce masa a Sakkwato da Maraɗi da Damagaram. Sai babura masu araha daga Sin irin su Jincheng suka shigo, daga bisani na Indiya, Bajaj da TVS, suka mamaye kasuwa. 'Yan siyasa suka mai da rabon babura abin kamfe. Cikin shekara 20 abin hawan hedimasta ya zama alamar talauci a idon 'ya'yan hedimastan, waɗanda a kansa aka riƙa kai su makaranta su uku, ɗaya a gaba biyu a baya. Injin bai canja ba, idon mai kallo ne ya canja.

To, a bar maganar kallo, a yi lissafin mai. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi, litar fetur a hukumance ba ta kai naira 200 ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Dattijon da ke zagayen masallaci da kasuwa da gidan 'yar'uwa da gona a bayan gari zai iya cin kilomita 20 a rana, wato 600 a wata. Ƙaramin babur mai lafiya yana yin kilomita 45 ko fiye da lita ɗaya, don haka lita 13 ko 14 ta ishe shi. Tsohuwar mota 'yar kwatano a cikin cunkoson gari, idan ta yi kilomita 10 da lita an gode Allah, wato lita 60. A farashin naira 1,000, ana maganar 14,000 ne da 60,000. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma 'yan fansho da yawa na jihohi da ƙananan hukumomi ba sa karɓar ko wannan. Ba a sa baƙin mai ba, ba a sa taya huɗu da batir da sabunta takardu ba. Wanda ya saya wa ɗan fansho mota bai ware mata kuɗin wata-wata ba, ya ɗora masa ciyar da wata iyali ce da bai nema ba.

'Ya'yan za su ce ba don alfahari suka yi ba, don tsoro ne. Wannan hujja tana da nauyi, kuma bai kamata a yi mata dariya ba. Duk wanda ya taɓa zaman jinya a Asibitin Ƙashi na Dala ya san abin da babur ke yi wa mutane. Ƙashin ɗan shekara 70 ba ya haɗewa kamar na ɗan 20. Karayar ƙugu da saurayi zai warke daga ita cikin watanni tana iya kwantar da tsoho kwanciyar da ba zai tashi ba. Mai mota yana da ƙarfe a kewaye da shi, mai babur ba shi da komai sai rigarsa. Duk wannan gaskiya ne.

Sai dai tsoro na gaskiya yana yin tambayoyi dalla-dalla, kuma a nan ne ake gane wanda ya damu da lafiyar uba da wanda ya damu da sunansa. Me ke kayar da tsoho daga babur? Sau da yawa ba gudu ba ne, domin dattijai ba su cika murɗa totur ba. Nauyi ne, lokacin tsayawa ko juyawa a lungu, sa'ad da babur ya karkata ƙafa kuma ta kasa tare shi. Tsayin kujera ne, idan mutum ba ya iya kafa tafin ƙafarsa duka a ƙasa. Kik ne da ke dawowa ya bugi idon sawu. Gefen babbar riga ne da ke shiga sarƙa ko wayoyin taya. Tafiyar dare ce da fitila mai rauni, ga hasken manyan motoci yana kashe ido. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da magani, kuma kuɗin maganinsu duka bai kai na tayoyin mota ba. Ɗan da ya ce “Baba, ka bar hawa babur” bai taɓa tambaya ko birkin gaba yana kamawa ba, ya nuna inda hankalinsa yake.

Idan aka bi waɗannan tambayoyi, amsar da ke fitowa ga dattijon cikin gari ita ce wadda girman kai ya fi ƙi: ya sauko zuwa ƙaramin babur, irin wanda ake kira roba-roba. Boxer da takwarorinsa an ƙera su ne don aikin haya da dako. Doguwar kujera, ƙarfen baya mai ɗaukar buhu, jiki mai jure ramuka, nauyin da ya haura kilo 100 tun kafin a ɗora masa komai. Babura ne nagari, shi ya sa Najeriya ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Bajaj a wajen Indiya. Amma nagartarsu ta ɗan shekara 25 ce mai ɗaukar fasinja biyu da buhun masara. Roba-roba kuwa ya fi sauƙi, kujerarsa ta fi ƙasa, gabansa a buɗe yake kamar na basfa, yawanci yana tashi da maɓalli, ba shi da kulocin hannu, sarƙarsa kuma a rufe take cikin gida. Wato kusan duk abin da aka lissafa a sama ya riga ya magance shi.

Abin da ke hana dattijai da yawa hawansa kalma ɗaya ce: ana ce masa babur ɗin mata. Wannan magana ta rashin sani ce. Asalin wannan ƙira Honda Super Cub ce, wadda ta fito a Japan a 1958, aka kuma ƙera ta har ta kai miliyan 100 a 2017, adadin da babu wani abin hawa mai inji da ya kai shi a tarihi. Masu kai wasiƙu da manoma da 'yan kasuwa daga Japan zuwa Biyetnam zuwa Indonesiya a kan irinta suka gina rayuwarsu. Idan kuma mata sun fi zaɓensa a nan, to sun nuna sun fi sanin abin da ke da amfani, domin dalilin da ya sa mai zani ta zaɓe shi shi ne dalilin da ya kamata mai babbar riga ya zaɓe shi. Abin mamaki ne a ce mutumin da ya yi alfahari da basfa shekara 30 yanzu yana jin kunyar ƙanenta.

Ba kowane dattijo wannan shawara ta dace da shi ba. Wanda gonarsa ke bayan rafi, hanyarsa yashi da burji, yana ɗauko taki yana mai da amfanin gona, roba-roba zai wahalar da shi, robobin jikinsa za su farfashe, cikinsa zai riƙa gugar ƙasa. Wannan sai ya riƙe Boxer ɗinsa, ko ya nemi mai tashi da maɓalli, ya kuma yarda cewa buhu na biyu aikin jika ne. Amma ko shi akwai abin da zai sa a lissafi wanda iyayensa ba su sani ba. A yankunan karkarar Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja, sabon babur mai ƙarfi dukiya ce da 'yan bindiga ke nema ido rufe, har sukan sa shi cikin kuɗin fansa. Mai shi yana tsakanin ɓarawon da ke son ƙwacewa da jami'in tsaron da ke zargin duk wanda ya gani a kai. A irin wannan wuri tsohon babur mai ƙoƙƙoƙen fenti kariya ce, kuma ɗan da ya aiko da sabo dal daga Abuja don faranta ran mahaifi yana iya jawo masa idon da bai taɓa kallonsa ba.

Ita kuwa basfa, a nan dole a juya a faɗa wa dattijon da kansa gaskiya, domin ba 'ya'ya kaɗai ke barin zuciya ta rinjayi hankali ba. Yana sonta saboda a kanta ya je zance, a kanta ya kai uwargida awo. Wannan ƙauna halal ce, amma ba ta gyara birki. Tayoyin tsohuwar Vespa ƙanana ne, inci 10 ko ƙasa, ramin da taya mai inci 17 za ta haye su sai su faɗa ciki. Injinta yana gefe ɗaya. Irin injin da ke ƙona baƙin mai tare da fetur ne, mai hayaƙi da yawan ƙone filogi, kuma irin wannan inji ne ya sa dokokin hayaƙi na Turai suka kawo ƙarshen samfurin PX. Makanikan da suka san cikinta suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, yaransu kuwa Boxer da Haojue suka koya. Idan zaure yana da faɗi, ba a kuma matse da kuɗi ba, a wanke ta a rufe ta, a riƙa tayar da ita ranar Juma'a. Idan ana bukatar kuɗin, a sayar da ita tun tana tashi, ga mai sha'awar irinta, kada a jira ta zama kilo a hannun 'yan gwangwan. Abin da bai kamata ba shi ne a dogara da ita ranar da za a kai mara lafiya asibiti da tsakar dare.

Sai maganar musaya, inda dillali ke shigowa da fara'arsa. “Alhaji, kawo tsohon ka ɗan yi ciko, ka tafi da wannan.” Musaya tana da daɗi saboda tana rage wahala, kuma saboda wannan daɗin ne ake cutar mutane a cikinta. Ciniki biyu ne aka cusa cikin lamba ɗaya: farashin da aka sayi naka da farashin da aka sayar maka da nasu. Muddin abin da ake tattaunawa shi ne ciko kawai, dillali yana iya rage na farko ya ƙara na biyu, mai babur kuma ya tafi yana murna an yi masa ragi. Maganin abin a raba cinikin. A sa tsohon a kasuwa a ji tayin mutum uku, a je wani shago a tambayi farashin wanda ake so kamar da kuɗi a hannu za a saya, sa'an nan a dawo a saurari dillali.

Akwai kuma abin da faɗuwar naira ta sauya, wanda dattijai da yawa ba su ankara da shi ba. Kafin Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500. Babura da kayan gyaransu daga waje suke zuwa, ko da an harhaɗa su a nan, don haka sabon Boxer ya haura naira miliyan ɗaya. Ma'anar wannan ita ce tsohon babur mai lafiya da ke zaure ya fi yadda mai shi ke zato daraja, domin abin da za a kashe a maye gurbinsa ya ninka. Mutumin da har yanzu yake auna farashi da abin da ya biya shekara takwas da suka wuce zai ji an yi masa tayi mai tsoka, ya sallama, sai ya je sayen wani ya tarar kuɗin bai kai rabi ba. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, kuma a wannan karon lissafin kasuwa ya goyi bayansu.

Hatsarin da ya fi girma yana cikin sayen na hannu. Babur ɗin da dattijo ya saya sabo ya riƙe shi shekara goma, yana canja baƙin mai a kan lokaci, bai taɓa ba da aro ba, mai yiwuwa bai yi tafiyar da ɗan acaɓa ke yi cikin shekara biyu ba. Idan ya ba da shi ya karɓi wani mai ƙyalli wanda shekarunsa ba su kai uku ba, yana iya zama ya ba da matashin inji ya karɓi tsoho. Fenti da sabuwar kujera ba su da tsada. Baƙin mai mai kauri yana ɓoye ƙarar inji da hayaƙin salansa na 'yan kwanaki. Wanda zai sayi na hannu ya je da makanikensa, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba, a tayar da injin da sanyinsa tun bai ɗumi ba, a duba lambar inji da ta jiki su dace da rasit. Wannan na ƙarshe ba ƙa'idar ofis ba ce kawai. A 2021, cikin matakan tsaro da gwamnatin Katsina ta ɗauka, har da hana sayar da babura na hannu a kasuwar Charanchi, saboda sanin inda kayan sata ke bi. Dattijon da aka kama da babur mai asali a duhu, furfurarsa ba za ta zama takarda ba.

Kuma a tambayi abu ɗaya kafin a sayi kowane iri: makaniken da ke bakin layi ya san shi? Kayansa suna shagon kusa, ko sai an aika Kano ko Nnewi? Babur mai kyau da ba a samun kayansa ya fi mara kyau da ake samu zama a gida.

Wasu 'ya'yan da suka fi wayewa sun fara kawo maganar babur mai lantarki. Tunanin ba shi da laifi: ba kik, ba giya, ba filogi, ba layin gidan mai. Kamfanoni irin su Spiro sun kafa wuraren musayar batir a Benin da Togo da Ruwanda da Kenya, sun kuma shigo Najeriya. Amma duk tsarin ya dogara ne da wurin caji ko musaya a kusa, da wanda ya iya gyara, da sanin nawa sabon batir zai ci idan na farko ya mutu. A ƙarshen Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wutar da ke kawo musu lantarki. Matashi mai sola a gida da wani abin hawa a ajiye yana iya yin gwaji. Ɗan fanshon da kuɗinsa na babur ɗaya ne tak bai kamata a yi gwajin da shi ba.

Gwamnatoci ma suna da nasu kason na laifi, domin sun mai da mallakar babur caca. An kori acaɓa daga tsakiyar Abuja a 2006. Maiduguri ta hana babura a 2011. Kano ta hana goyo a cikin birni a Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. A Jamhuriyar Nijar an hana su a yankin Diffa a 2015, a wasu sassan Tillaberi kuma a 2020. Kaduna ta hana hawansu, na haya da na gida, na wata uku a 2021. Kowace doka tana da dalilin tsaro da ba a raina ba. Amma irin wannan doka ba ta bambanta ɗan ta'adda da limamin da zai je ɗaurin aure, kuma babu wanda ke biyan diyyar jarin da ya kwanta. Darasin da ke ciki ga dattijo shi ne kada ya zuba kuɗin sallamarsa a babura biyu ko uku da niyyar ba samari su riƙa kawo balas. Sanarwa ɗaya a rediyo ta isa ta mai da jarin ƙarfen zaure, ko da yaran duka masu amana ne, abin da ba kullum ake dacewa da shi ba. Babur ɗaya na hawa, sauran kuɗin a wani wuri.

Ga 'ya'yan da suke da kuɗin mota a hannu da niyya mai kyau a zuciya, akwai inda kuɗin zai yi aiki. Na farko ido. Yanar ido tana zuwa a hankali, mai ita ba ya sanin yawan abin da ya daina gani, kuma aikin cire ta na ɗan lokaci ne, ana yin sa a wurare irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitin ido na ECWA da ke Kano. A auna sukari da hawan jini, a tambayi likita ko maganin da yake sha yana sa jiri. A canja tayoyin da suka suɗe, a gyara birki, a mayar da madubai biyun da aka cire tun tuni, a sa fitila mai haske. Sai hular kwano, wadda ita ce yaƙin da ya fi wuya. Lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa ta a Janairun 2009, an ga masu babura a Kano da ƙwarya da bokitin fenti a ka, aka yi dariya, dokar kuma ta bi ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa hular kwano mai kyau da aka ɗaure daidai tana rage hatsarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, na raunin kai kuma da kusan kashi 70. Dattijo zai ce ina zai sa zanna bukar ɗinsa. Amsar ita ce a cikin akwatin baya, har ya isa. Ɗan da ya iya shawo kan mahaifinsa a kan wannan kaɗai ya yi masa abin da motar gindin darbejiya ba ta yi ba.

Ranar sauka tana zuwa, babu musu. Alamunta sanannu ne: faɗuwa biyu cikin ɗan lokaci ba tare da wani ya buge shi ba, rashin jin hon daga baya, wuyan da ba ya juyawa, mantuwar hanyar da aka saba. Idan waɗannan suka bayyana, roba-roba ma ya zama hatsari, mota kuwa ta fi, domin mai tuƙa ta da irin wannan ido ba kansa kaɗai zai cutar ba. Abin da ake bukata a ranar shi ne a tabbatar mutumin bai rasa fita ba, tun da fitar ce ke riƙe da shi: sallar jam'i, majalisa, gaisuwar mutuwa, duba gona. A yi yarjejeniya da wani mai adaidaita sahu na unguwa, a riƙa biyansa duk wata daga asusun 'ya'ya kai tsaye, a ba dattijon lambarsa ya kira shi duk lokacin da ya ga dama ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Babur ɗin kuwa shi zai faɗi wanda za a ba cikin jikoki, da kuma ranar da za a miƙa makullin.